RA'AYI: Ciwon Dunduniya Da Gaggawar Masu Gudun Abuja

Ƙarfe 5 na asuba ne a Kubwa, ko Lugbe, ko Nyanya. Ma'aikaci ya farka domin ya riga cunkoson motoci shiga gari, ya zuro ƙafa daga kan gado, dunduniyarsa na taɓa tayil sai ya ji kamar ya taka ƙusa. Ya dafa bango ya ɗingisa zuwa banɗaki. Kafin ya gama shiri zafin ya lafa, kafin ya kai bakin titi ma ya manta da shi. Sai can da rana, lokacin da aka tashi daga taron da ya ci awa uku, yana miƙewa daga kujera ƙusar nan ta dawo daidai inda ta soke shi da asuba.

Duk wanda ya san wannan takun farko ya san ciwon da ake magana a kai. A asibiti za a ji likita ya kira shi falanta fashiyaitis, a Hausance kuwa ciwon tantanin tafin ƙafa ne, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke jawo wa manya ciwon dunduniya. Ƙiyasin da likitoci suka fi ambata shi ne mutum 1 cikin 10 zai gamu da shi a rayuwarsa, kuma ya fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60. Wato daidai shekarun da ma'aikacin tarayya ke hawa manyan matakan aiki yana hangen ritaya, wadda ƙa'idar aiki ta yanke a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, kuma daidai shekarun da likita ke duban sakamakon awo ya ɗago kai ya ce, "Yallaɓai, sai fa an fara motsa jiki."

Mutane da yawa sun ji wannan shawara sun kuma bi ta. Wanda ya je bakin tafkin Jabi da safiyar Asabar, ko lambun Millennium da ke Maitama, ko harabar filin wasa na Moshood Abiola, zai ga daraktoci da mataimakansu, da sakatarori, da hadiman 'yan majalisa, kowa cikin kambas yana sassarfa. Abin sha'awa ne ƙwarai. Waɗanda ba a gani su ne waɗanda suka fara zuwa, suka yi wata biyu ko uku, sannan aka daina jin ɗuriyarsu. A cikinsu akwai da dama da dunduniya ce ta sallame su, kuma akasari ciwon bai fi ƙarfin magani ba. Gaggawa ce ta jawo shi tun farko, ita ce kuma ta hana shi warkewa, daga ƙarshe mutum ya yanke wa kansa hukuncin cewa gudu ba nasa ba ne, ya koma kujerarsa da hawan jininsa. A nan babbar asarar take, domin ciwon dunduniya ba ya kisa, hawan jini da ciwon suga kuwa suna yi.

Kafin a zargi gudu, ya kamata a san abin da ke ciwon. A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wani tantani mai kauri da ƙarfi wanda ya taso daga ƙashin dunduniya ya bazu har gindin yatsu. Idan aka ɗauki lanƙwasar tafin ƙafa a matsayin baka, to wannan tantani shi ne tsirkiyarsa. Tun 1954 wani likitan Ingila mai suna Hicks ya bayyana yadda yake aiki: duk lokacin da dunduniya ta ɗaga, babban yatsa ya lanƙwashe sama, tsirkiyar na ɗamewa, tafin ya yi tauri ya tura mutum gaba. A tafiya ma haka abin yake, sai dai a gudu nauyin da ke sauka kan ƙafa a kowane taku yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. Mutum mai kilo 85 da ya yi sassarfar kilomita 5 ya yi taku wajen 5,000, kowanne da nauyin da ya haura kilo 170. Tsirkiyar na iya ɗaukar wannan, har ma da fiye da shi, muddin an saba mata sannu a hankali. Idan aka ɗora mata farat ɗaya, sai ta fara sassaƙewa a daidai inda ta manne da ƙashin dunduniya, ta ɓangaren ciki, wurin da mai ciwon kan danna da yatsa ya ce nan ne.

Sunan ciwon na asibiti yana nuna kumburi, amma binciken da Lemont da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 2003, bayan sun duba tsokar da aka ciro daga mutum 50 da aka yi wa tiyata, ya nuna lalacewar zaren tantanin ne, babu alamar kumburi irin wanda aka zata. Wannan ba gardamar malamai kaɗai ba ce. Ita ce ke bayyana dalilin da ya sa maganin kumburi ke kwantar da zafin na 'yan sa'o'i ba tare da ya taɓa tushen ba. Batun zafin asuba kuwa, cikin barci tafin ƙafa kan sunkuya ƙasa, tantanin ya kwana a takure, takun farko ya fizge shi babu shiri. Dogon zama a ofis ma haka yake yi masa.

Yanayin rayuwar ma'aikacin Abuja kamar an tsara shi ne domin ya haifar da wannan ciwo. Kwana biyar mutum na zaune, daga kujerar mota zuwa kujerar ofis, daga nan zuwa kujerar falo. Ran Asabar sai ya tashi ya ce zai biya bashin mako guda a safiya ɗaya. Matsalar ita ce zuciya da huhu suna sabawa da gudu cikin makonni kaɗan, jijiyoyi da tantani kuwa sai sun ɗauki watanni. Saboda haka a mako na shida mutum zai ji numfashinsa ya daidaita, ya ga zai iya ƙara kilomita uku, ya ƙara, alhali ƙafarsa tana can baya ba ta iso ba. A kan wannan sai a ɗora zauren WhatsApp na abokan aiki, inda kowa ke tura hoton kilomitocin da wayarsa ta ƙirga, da kuma wanda ya yi rajistar gudun fanfalaki na Legas, wanda galibi ake yi cikin watan Fabrairu tun daga 2016, bai fara shiri ba sai bayan hutun ƙarshen shekara.

Hadimi kuma tasa matsalar daban ce. Idan maigida ya ce gobe ƙarfe 6 za a zaga Maitama, ba a tambayar hadimi yadda ƙafarsa ta kwana. Zai bi, da saurin da maigida ya zaɓa, a kan tudun da maigida ya zaɓa, kuma idan aka juyo aka tambaye shi ko ya gaji, amsar ita ce, "Ko kaɗan, ranka ya daɗe." Maigidan zai koma gida ya miƙe ƙafa. Hadimin zai yi wanka ya sa takalmi sau-ciki ya tafi ya tsaya a bayansa a wurin taro har la'asar.

Wannan tsayuwa ba ƙaramin abu ba ce. Wani bincike da Riddle da abokan aikinsa suka buga a Amurka, shi ma a 2003, ya ware abubuwa uku da suka fi yawa ga masu wannan ciwo idan aka kwatanta su da marasa shi: taurin idon sawu, wato ƙafa ta kasa lanƙwasowa sama yadda ya kamata, da ƙiba, da wuni a tsaye wurin aiki. Taurin idon sawu ne ya fi sauran ƙarfi, kuma galibi daga ɗaurewar sha-raɓa da agara yake zuwa. Jami'in tsare-tsaren baƙi da ke tsayuwa awa huɗu kan daɓen marmara cikin takalmi mai ƙasan katako, da dogarin da ke bakin ƙofa, da ma'aikaciyar da ke wuni kan takalmi mai tsini daga Litinin zuwa Juma'a, sha-raɓarta ta saba da gajarta, sannan ran Asabar ta sauko kan kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, duk suna cikin wannan lissafi. Sau da yawa awa ɗaya ta gudu ake zargi, alhali awa arba'in na ofis ne suka yi rabin ɓarnar. A gida kuma a cire takalmi a yi ta yawo ƙafa ba komai a kan tayil, wanda ba ya yi wa dunduniya rangwame ko kaɗan.

Sai batun takalmin gudun kansa. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a canja shi bayan kilomita 500 zuwa 800, domin soson da ke ƙasansa yakan mutu tun saman yana sheƙi. Mai ba da wannan shawara a Abuja dole ya yi ta da kunya, domin sabon takalmin gudu na asali yakan haura mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Shi ya sa gwanjo ke ci, kuma babu laifi a gwanjo. Laifin shi ne a saye shi da ido kawai. Takalmin da ya zo cikin dila wata ƙafar ta riga ta cinye wani kaso na kilomitocinsa, don haka sai an danna ƙasansa da babban yatsa an ji ko soson na dawowa, an duba ko gefensa ya yi tamoji, an ajiye shi kan tebur an ga ko ya karkata gefe guda. Wanda ya karkata, komai kyan tambarinsa, ya gama aiki.

Idan ciwon ya zo, hanyar farko da akasari ake bi ita ce ta kemis. A sayi diklofenak ko ibufurofen, a haɗiya kafin a fita gudu, zafin ya ɓuya, a yi kilomita takwas a kan tantanin da ke neman hutu. Wannan kamar mutum ya cire fitilar gargaɗin mota ne domin ta daina damunsa. Shan waɗannan magunguna na 'yan kwanaki bisa shawarar likita ba laifi ba ne. Shan su wata da watanni yana iya jawo gyambon ciki, yana wahalar da ƙoda, yana kuma iya ɗaga hawan jini, wato ainihin cutar da ta fito da mutum filin gudu.

Hanya ta biyu ita ce allura a dunduniya, kuma ita ce ta fi jan hankalin mai matsayi, saboda ta yi daidai da yadda ya saba tafiyar da al'amura: a sa hannu yau, a ga sakamako gobe. Allurar sitiroyid tana rage zafi, babu musu. Amma bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a 2017, wadda ta tattara gwaje-gwaje da dama, ta nuna sauƙin ɗan kaɗan ne kuma bai cika wuce wata guda ba. A ɗaya gefen, maimaita allurar na iya raunana tantanin har ya tsinke, yana kuma iya narkar da matashin kitsen da ke ƙarƙashin dunduniya, wanda idan ya tafi ba ya dawowa. Akwai lokacin da ƙwararren likita zai ga dacewar allura ɗaya, misali ga wanda zafi ya hana shi ko da fara atisayen magani. Abin da bai dace ba shi ne mutum ya shiga ɗakin likita ya nemi allura da bakinsa saboda akwai gudu ran Asabar, ko ya miƙa dunduniyarsa ga wanda ba likita ba a bayan kanti.

Hoton ƙashi ma yakan rikita mutane. A ɗauki hoto a ga wani ɗan tsiro kamar ƙaya a ƙasan ƙashin dunduniya, nan take hankali ya tashi, a fara maganar tiyata. Gaskiyar ita ce mutane da yawa suna da wannan tsiro ba su taɓa jin ciwo ba, wasu kuma suna fama da ciwon babu tsiron, sannan masu warkewa suna warkewa tsiron na nan inda yake. A can gida kuwa fassarar daban ce. Wata gwaggo za ta ce sanyi ne, wani ya ce an taka wani abu, musamman idan ciwon ya zo daf da ƙarin girma, sai a kira wanzami ya yi tsaga ko ƙaho. Tsaga a tafin ƙafar mai ciwon suga kasada ce da za ta iya ƙarewa da gyambon da ba ya warkewa.

Hanya ta ƙarshe, wadda ta fi kama da hankali amma ta fi tsada, ita ce a rataye kambas gaba ɗaya. Masu wannan ra'ayi suna da hujja: ɗan shekara 50 mai tumbi me ya kai shi gudu, ya yi tafiya mana. Akwai gaskiya a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako ya wadatar da baligi, kuma tafiya da sauri na cikin wannan. Wanda bai taɓa gudu ba, da tafiyar ya kamata ya fara. Sai dai abin da ke faruwa a zahiri shi ne wanda dunduniya ta kora ba ya komawa tafiya, zama yake komawa. Nauyi ya ƙaru, sha-raɓa ta ƙara ɗaurewa, tantanin da aka bari ba aiki ya ƙara rauni, ranar da ya sake gwadawa ciwon na nan yana jiransa. Hutu zalla yana kwantar da zafi, amma ba ya ƙara wa tsirkiya ƙarfin ɗaukar kaya.

Abin da ke aiki ba shi da armashi, shi ya sa ba a son sa. Matakin farko shi ne a rage kaya ba tare da an sauke shi duka ba. A rage nisan gudu sosai, ko da zuwa rabi, a bar gudun tsere da hawan tudu, wanda Abuja ba ta rasa shi ba, a bar kwana guda tsakanin fita da fita, a nemi ciyawa ko jar ƙasa maimakon kwalta da kankare. Alƙalin da zai raba gardama shi ne takun farko na washegari. Idan zafin asuba bai fi na jiya ba, kayan da aka ɗauka sun yi daidai. Idan ya ƙaru, an zarce, sai a ja baya. Wanda ko tafiya ke sa shi ɗingishi, ya ajiye gudu na 'yan makonni ya koma keke ko ninƙaya, domin zuciya ta ci gaba da samun rabonta.

Mataki na biyu shi ne miƙa tantanin kansa. DiGiovanni da abokan aikinsa sun gwada wata hanya mai sauƙi a 2003 suka ga ta fi miƙa agara kaɗai amfani ga masu daɗaɗɗen ciwo. Mutum zai zauna ya ɗora ƙafar mai ciwo kan gwiwar ɗayar, ya kama yatsun da hannu ya janyo su baya wajen ƙwauri har ya ji tafin ya ɗame, ya riƙe daƙiƙa 10, ya saki, ya maimaita sau 10, sau uku a rana. Mafi muhimmanci shi ne na farko, wanda ake yi a bakin gado tun ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba. Ana kuma yin sa kafin a miƙe bayan dogon zama, abin da ma'aikaci zai iya yi a ƙarƙashin teburinsa ba tare da kowa ya lura ba. A haɗa da miƙa sha-raɓa, a dafa bango a tura ƙafar baya, dunduniya na manne da ƙasa.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi saɓa wa tunanin mai ciwo, wato a ɗora wa tantanin nauyi da gangan. Rathleff da abokan aikinsa a Denmak sun gwada haka a kan mutum 48, aka buga sakamakon a 2015. Mutum zai tsaya da ƙafa ɗaya a bakin matakala, yatsunsa a kan tawul da aka naɗe domin su lanƙwashe sama, dunduniyarsa na reto. Ya ɗaga a hankali cikin daƙiƙa 3, ya tsaya a sama daƙiƙa 2, ya sauko cikin daƙiƙa 3. Ana farawa da sau 12 a zagaye uku, rana ɗaya a yi, rana ɗaya a huta, idan ƙarfi ya samu a goya jaka da littattafai a ciki domin ƙara nauyi. Wanda ƙafa ɗaya ta yi masa tsanani ya fara da biyu. Bayan wata uku waɗanda suka yi wannan sun fi waɗanda suka tsaya ga miƙewa kaɗai samun sauƙi, kodayake bayan shekara guda ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki. Ma'ana, hanyar tana gaggauta sauƙi, ba sihiri ba ce. Kuma ba ta buƙatar komai sai matakala da tawul, abubuwan da ko a gidan haya na Mararaba ba a rasa ba.

Sauran dabaru taimako ne kawai. Murza tafin ƙafa kan gorar ruwa mai ƙanƙara yana sanyaya zafi bayan wuni, idan an samu wutar da za ta daskarar da ita. Ɗan matashin roba da ake sawa a dunduniyar takalmi yana rage dukan daɓe. Shimfiɗar cikin takalmi ta kanti, a gwajin da aka yi a Ostareliya aka buga a 2006, ta yi aiki daidai da wadda ake aunawa a ƙera wa mutum da tsada, don haka babu dalilin zubar da albashin wata a kanta tun farko. Akwai filastar da likitan fisiyo ke ɗaure tafin da ita, akwai abin da ake sawa da dare ya riƙe ƙafa a miƙe. Idan an yi wata shida ana fama babu ci gaba, akwai na'urar da ke bugun wurin da igiyar sauti. Tiyata ita ce ƙarshen layi, kuma 'yan ƙalilan ne ke kaiwa can.

Abin da ya fi wuyar haɗiya shi ne lokaci. Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu wannan ciwo suna warkewa ba tare da tiyata ba, amma ana maganar watanni ne, wani lokaci har shekara. Kuɗi da matsayi ba sa gajarta wannan. Tiger Woods, wanda ke da likitocin da duk duniya ake ji da su, ya janye daga wata gasa a ƙarshen 2022 saboda wannan ciwo, sannan a Afrilun 2023 ya fice daga gasar Masters ana tsakiyar zagaye na uku bayan ciwon ya taso masa. Wasansa golf ne, tafiya kawai yake yi a fili. Idan ya gagara yi wa tantaninsa dole, babban sakatare ma ba zai iya ba. Likitan da ya gaya wa majiyyaci gaskiyar wannan tsawon lokaci tun ranar farko ya yi masa gata, domin wanda ya zaci mako biyu ne zai fid da rai a mako na uku ya tafi neman allura.

Duk da haka ba kowane ciwon dunduniya ne wannan ba, kuma a nan bai kamata a yi wa kai likita ba. Idan akwai dindiris ko jin kamar ana tsira allurai ko ƙuna a tafin ƙafa, musamman ga mai ciwon suga, batun jijiya ne. Idan matse dunduniya daga gefe da gefe na sa zafi, kuma zafin na ƙaruwa da kowane taku maimakon ya lafa, yana iya zama tsagewar ƙashi irin ta yawan gudu. Idan an ji wani abu ya yi ɗas ana cikin gudu sannan wurin ya kumbura, tantanin ne mai yiwuwa ya tsinke. Idan duka dunduniyoyi biyu ne ga matashi, tare da ƙagewar baya da safe, akwai cututtukan gaɓɓai da ke farawa haka. Ja da zafi da zazzaɓi, ko ciwon da ke tayar da mutum daga barci, su ma na asibiti ne a ranar. Faso irin na hunturu kuwa matsalar fata ce, ba ta da alaƙa da wannan.

Akwai kuma rabon ma'aikatu a cikin maganar. Hukumomin gwamnati sun iya shirya fitar motsa jiki ta gayya, a ɗinka riguna iri ɗaya, a kira 'yan jarida, a sa mutumin da bai yi tafiyar kilomita ɗaya ba cikin wata guda ya bi ayari na kilomita da yawa domin kada a ce bai zo ba. Haka ma idan gasar wasannin ma'aikatan tarayya ta FEPSGA ta matso, sai a tattaro 'yan wasa a ce su murje cikin mako biyu. Da za a raba ayarin gida biyu, masu tafiya da masu gudu, a kuma gayyato likitan fisiyo ya yi minti goma yana nuna yadda ake miƙa sha-raɓa, da an rage masu ɗingishi ran Litinin. Shugaban sashe da ya ga takardar likita ya ƙyale ma'aikacinsa ya sa takalmi mai taushi na wata uku bai zubar da ƙimar ofis ba. Maigidan da ya sa aka ajiye wa hadiminsa kujera a bayan zauren taro bai rage komai daga girmansa ba. Shi kuma ma'aikacin da ke ƙarƙashin inshorar lafiya ta NHIA, wadda ta maye gurbin NHIS a 2022, ya dace ya nemi asibitin da ya yi rajista ya tura shi sashen gashin ƙashi, ya kuma tabbatar wanda zai taɓa ƙafarsa mai lasisi ne, domin masu tausa da ke kiran kansu likitoci sun yi yawa a gari.

Komawa fili ma yana da tsarinsa. Lokacinsa shi ne sa'ad da mutum zai iya tafiyar minti 30 da sauri ba tare da zafin washegari ya ƙaru ba. Sai a fara da minti ɗaya na sassarfa, minti biyu na tafiya, a maimaita har minti 20, sau uku a mako, a wuri mai laushi kuma shimfiɗaɗɗe. A riƙa ƙara abu ɗaya a lokaci guda, ko nisa ko sauri ko tudu, kada a haɗa biyu a mako ɗaya. Ƙa'idar nan ta ƙarin kashi 10 cikin 100 a mako ba doka ba ce, amma tana hana mai zumuɗi ninka nisa cikin kwana bakwai. Atisayen matakala da tawul kuwa a ci gaba da shi ko bayan zafin ya tafi, a kuma ajiye takalmi mai taushin ƙasa a gefen gado, inda ƙafa za ta faɗa cikinsa da asuba kafin ta taɓa tayil.